Tsakuwar da Aka Bari a Lungu

Sufyan bai je Konni neman mata ba. Abin da ya ɗago shi daga Badagishiri da sassafe, ya sha rana a bayan motar albasa, wani guntun bidiyo ne da bai cika minti ɗaya ba.

Tallar kashi na biyu ce ta wani wasan waya da samari ke ce wa Ayarin Taurari, don sunansa na Turanci ya fi ƙarfin bakin kowa. A kwarin da Sufyan ke kula da famfon sola na masu lambu, ko saƙon murya ba ya sauka sai an hau kan tanki, balle bidiyo. Aka ce masa akwai wata rumfa a bakin tashar Konni inda ake tura wa mutane fina-finai da wasanni a waya.

Ya samu rumfar cike, samari sun yi dafifi a kan kwamfuta guda ana ta maimaita tallar. Labarin wasan ba shi da wuya. Duniya ta bushe, ragowar mutane sun shiga jirage suna neman wata a cikin taurari, mai wasa shi ne madugu, shi ke raba ruwa da mai, shi ke cewa wane jirgi ya tsaya wane ya wuce. A ƙarshen kashi na farko Kwamanda Ilmara ta tsaya ita kaɗai a wata tasha tana tare abokan gaba har ayarin ya kuɓuta. Shekara biyu ke nan ba a san abin da ya same ta ba. A tallar kuwa fitilar tashar ta ƙyafta sau uku, sai duhu.

Sufyan, wanda kan yini bai yi magana da kowa ba, sai ya ji bakinsa ya buɗe. Ya ce Ilmara ta mutu. Ruwan da aka bar mata na kwana arba'in ne, kuma madugun da zai juya ayari guda don mutum ɗaya bai san aikinsa ba.

"Ba ta mutu ba."

Daga bayan kwamfutar muryar ta fito. Wata doguwar budurwa ce mai shuɗin hijabi, wayoyin caji sun kewaye ta kamar yaɗon kabewa. Ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Malam, kai ka yi mata wanka?"

Rumfar ta ɗauki dariya. Sufyan ya miƙa mata wayarsa, ta karɓa, sai a lokacin ta dube shi, ta ɗan daɗe tana dubansa, sannan ta ce tallar kyauta ce ga masu makoki. Sunanta Hamdiyya, rumfar tata ce, ita ce kuma ta buɗe zauren WhatsApp na masu wasan daga Konni har Illela. Kafin ya hau mota ya ga an saka shi a zauren.

Zauren ba ya barci da rana. Wani ya ce tsohon likitan ayarin shi ne maci amana. Wani ɗan Alela ya rantse tagwayen matuƙan nan ɗaya ba zai kai ƙarshe ba. Aka raba tallar daƙiƙa daƙiƙa, har inuwar da ta gilma a bango sai da aka yi mata suna. Mutum sittin da wani abu, kowa da hasashensa, wasan kuwa sai bayan damina zai fito.

Sufyan ba shi da kwamfuta, amma yana da rairayi. Idan ya goge allunan sola ya buɗe wa masu albasa ruwa, sai ya zauna a rumfarsa ta kara a gindin tanki ya share ƙasa, ya ja layuka, ya jera tsakuwoyi. Baƙaƙe su ne abokan gaba, jajaye ayari. Wata farar tsakuwa mai santsi da ya tsinta a gulbi ita ce Ilmara, kullum a lungu ita kaɗai. Sai ya ɗauki hoto, ya hau tanki, ya tura tare da saƙon murya.

Hamdiyya ce ke fara amsawa. Daga baya ta daina amsawa a zaure, ta koma tura masa shi kaɗai.

"Sarkin mugun fata, yau wa ka kashe?"

"Kwamanda, ni ba na kisa. Lissafi nake."

"Lissafinka ba shi da zuciya. Ka ci abinci?"

Ya daɗe yana kallon tambayar. Tun rasuwar mahaifiyarsa a Malbaza, shekara huɗu, ba wanda ya tambaye shi haka. Yayansa Awal kan kira ran Juma'a ya ce ya aiki, ya ce lafiya, shi ke nan. Masu lambu mutanen kirki ne, amma da azahar kowa kan koma gida, ya rage daga shi sai ƙarar ruwa a bututu.

"Na ci gari da ƙuli," ya rubuta.

"Allah sarki. Shi ya sa kake ganin kowa a mace."

Wata uku suna haka. Ya je Konni sau huɗu, kullum da hujjar wai memori ɗinsa ya lalace. A zuwa na huɗu ta ajiye memorin a gabansa ta ce lafiyarsa lau, in yana da wata magana ya faɗa, ita tana da aiki. Ya faɗa, yana kallon ƙasa. Ta ce to ya turo manya, kuma ya daina cin gari tsura.

Awal da wani kawunsu suka je gaisuwa wurin mahaifinta, Malam Zakariya'u, tsohon direban babbar mota da ya ajiye sitiyari. Ya karɓe su da mutunci, ya ce za a yi bincike kamar yadda aka saba.

Akwai wani Nasiru a zauren, ɗan taransit mai fito wa 'yan kasuwa da kaya a bakin iyaka, mai mota da turare. Shekara guda yana kai wa Hamdiyya wayarsa tana tura masa fina-finan da ba ya kallo. Sai ya ji an kai gaisuwa. Ya zaɓi hoto ɗaya na layukan rairayi da saƙon murya ɗaya, ya kai wa Goggo Tabawa, ƙanwar Malam Zakariya'u, ya ce shi bai ce komai ba, ta dai saurara.

Muryar Sufyan ce tsaf, yana cewa: "Na duba na sake dubawa. Kafin ƙarshe mutum uku za su mutu. Tsohon likita, ɗaya cikin tagwaye, sai matar nan. Ita kam ba makawa."

Sufyan bai san da wannan ba. Abin da ya sani, wata Talata da hantsi wani dattijo mai malafa ya tsaya a bakin tanki ya nemi ruwan sha. Ya sha, ya tsuguna, ya zuba wa rairayin ido.

"Samari, mi ka gani a ƙasa?"

Wata uku yana jera tsakuwoyin nan, ba mahalukin da ya taɓa tsugunawa kusa da shi ya tambaya. Daɗi ya kama shi. Bai tsaya cewa wasa ne ba, ya ɗauka kowa zai gane. Ya nuna farar tsakuwar ya ce wannan mutuwa za ta yi, an kewaye ta, ba mai komawa ta kanta.

Dattijon ya tambaya ko yaushe.

"Bayan damina za a gani," in ji Sufyan.

Dattijon ya yi salati a hankali, ya yi godiyar ruwa, ya wuce cikin lambuna. Kawu Labbo ne, wan mahaifiyar Hamdiyya, shi aka aiko bincike. A lambunan kuma ya ji ƙari. Matan da ke cirar albasa suka ce ai yaron yana gani. Akuyar Shatu ta ɓace kwana biyu, ta je wurinsa, yana zaune gaban ƙasarsa ya ce ta duba bayan gulbi wajen kalgo, ta je ta same ta. Tun daga nan mata biyu suka sake zuwa.

Ran Alhamis Awal ya kira, ba Juma'a ba. Ya ce an dawo da goron gaisuwa. Ba su faɗi dalili ba, sun ce Allah ya haɗa kowa da rabonsa.

Sufyan ya hau tanki ya kira Hamdiyya, wayar a kashe. Ya rubuta, saƙon ya tafi bai isa ba. Ya duba zaure ya ga ta fita, ta bar wa wani ɗan Malbaza riƙo. Washegari Nasiru ya saka hoton sabuwar shadda, ya rubuta a ƙasa wai komai nisan jifa ƙasa zai faɗo.

Kwana goma sha tara. Ya ƙirga su ne da sanda a jikin ƙarfen tanki. Yana goge alluna, yana buɗe ruwa, yana rufewa. Da azahar kwarin kan yi tsit har ya riƙa jin kukan kurciya daga wancan ƙetare. Sau uku a yini yake hawa tanki, ya ɗaga waya sama, ya sauko. Bai je Konni ba. Ya ce wa kansa mutumin da aka mayar wa goro ba ya zuwa tambayar dalili, kuma mai rumfar kara ba ya ja da mai mota. A lissafinsa abin ya fito daidai, kamar yadda na Ilmara ya fito. Ya watsar da jajayen tsakuwoyi da baƙaƙen. Farar ce ya kasa, ya sa ta a aljihu.

A rana ta ashirin, yana kan tanki da hantsi, wayar ta motsa.

"Sufyan, na yi wa Baba alkawarin ba zan yi maka magana ba sai da izininsa. Yau na roƙe shi saƙo ɗaya, ya ba ni. An ce masa kai mai bugun ƙasa ne, kana faɗin wanda zai mutu. Nasiru ya kai muryarka, Kawu Labbo ya gan ka da idonsa, matan lambu sun ba da shaida. Na ce wasa ne, ya ce so ne ya rufe mini ido. Ba ka san yadda Innata ta rasu ba. Tana ciwo dangi suka kai ta wurin wani mai duba Baba yana kan hanya, ya ce jifa ce, aka yi wata biyu ana turare. Da aka kai ta asibiti lokaci ya wuce. Baba ya rantse mai duba ba zai taka gidansa ba. Yana zama gindin darbejiyar bayan masallacin unguwarmu kullum bayan la'asar. Ban amsa wa Nasiru ba, ba kuma zan amsa ba, amma ban san iya kwanakin da zan riƙe ba. Kai ne mai cewa ba a juyawa don mutum ɗaya. To ga ni, ni kaɗai ce. Kwamandarka."

Ya karanta sau biyu. Ya sauko, ya bar wa shugaban masu lambu makullin famfo, ya tari motar farko da ta nufi gudron, titin kwaltar Konni.

La'asar sakaliya ya isa. Dattawa biyar ne a gindin darbejiya, biyu suna dara a ƙasa, ɗaya da tsinkaye ɗaya da tsakuwoyi. Ya gane Kawu Labbo da malafarsa. Mai tsinkayen, wani kakkauran tsoho mai furfura a gemu, shi ne Malam Zakariya'u. Sufyan ya cire takalmi, ya durƙusa ya yi gaisuwa. Aka amsa masa a taƙaice aka ci gaba da dara. Ya zauna a rana har aka ƙare wasa biyu.

Sannan tsohon ya ce, ba tare da ya dube shi ba, in duba ya zo yi musu sun gode.

Sufyan ya ciro waya ya ce Baba ya duba, wasa ne, ga shi a ciki. Tsohon ya ɗaga hannu. Ya ce waya ba ta shaida, a cikinta ya taɓa ganin rago yana tuƙa mota.

"Abin da Labbo ya gani a ƙasa ya gane shi. Yi shi nan gabana."

Sufyan ya share gefen gurbin darar. Ya ja layuka. Ya roƙi aron tsakuwoyin Kawu Labbo, ya ce waɗannan jiragen fatake ne, su goma sha biyu, ɗauke da mata da yara. Ya ari tsinkaye, ya ce waɗannan 'yan fashi ne. Ya ciro farar daga aljihu ya sa a lungu. Ya ce duk ƙirƙira ce, wasu mutane ne a wata ƙasa suka tsara, kamar tatsuniya, sai dai ita wannan kai ke motsa mutanen ciki. Sun tsaya a tsakiyar labari, shi ya sa samari ke gardamar yadda za a ƙare.

Ya fara matsar da tsakuwoyin ta wata mashiga tsakanin layukan. Ɗaya, biyu, uku. Da ya kai na shida sai Malam Zakariya'u ya yi tsaki.

"Don mi ka bar gefen ga buɗe?"

Sufyan ya ce mai bai isa a tsare gefe biyu ba.

"To ka tura masu nauyi gaba mana. Wa ya koya maka jerin ayari, mai kaya a baya?" Ya miƙa hannu ya ɗauke tsakuwa biyu ya sake musu wuri. Kawu Labbo ya ce a'a, in ya yi haka tsinken can zai ci ta gefe. Malam Zakariya'u ya ce Labbo ya yi shiru, shekara talatin yana cinye shi. Wani dattijo ya matso. Kafin a jima mutum huɗu na gardama a kan rairayin, Sufyan ya koma ɗan kallo.

Can tsohon ya tsaya, hannunsa a kan tsakuwa. Ya dubi layukan, ya dubi gurbin darar da ke gefe.

"Labbo," ya ce, "wagga ai dara ce. Dara ka gani ka zo ka ce mini duba."

Kawu Labbo ya gyara malafa, ya ce to akuyar fa?

Sufyan ya ce bututu ne ke yoyo a bayan gulbi wajen kalgo, ciyawa ta fito, duk dabbar da ta ɓace a rani can take zuwa.

"Ka hwaɗa wa matar haka?"

Sufyan ya sunkuyar da kai. Ya ce bai faɗa ba.

"Don mi?"

Ƙarya ta zo masa har baki, ya haɗiye ta. Ya ce ya ga yadda ta dube shi, ya san abin da ta ɗauka. Ya bari ne don tun daga ranar mutane suka fara tsayawa a rumfarsa. A da ba mai tsayawa.

Fuskar tsohon ta sauya. Ya ce wanda ya cuci uwar Hamdiyya ma da haka ya fara, da jin daɗin a tsaya a ƙofarsa. Ya ce ba zai ba da ɗiyarsa ba sai Sufyan ya tashi ran Juma'a a masallacin da masu lambun ke salla, ya faɗa da bakinsa cewa ba ya ganin komai, bai taɓa gani ba, ya kuma bi matan nan uku ɗaya ɗaya ya gaya musu. Labbo zai je ya saurara.

Sufyan ya ce ya amince.

Ya kai hannu zai ɗauki farar tsakuwar, tsohon ya riga shi. Ya jujjuya ta a tafin hannu, ya tambaya ita ce wadda ya ce za ta mutu? Sufyan ya ce ita ce.

"Ba ka iya dara ba. Wanda ya tsara wasan ga, da shina son kashe ta da ya kashe ta a gaban idonku tun farko. Mai dara bai aje ɗa a lungu shekara biyu don ya ɓata shi. Ya aje shi ne don zai dawo kansa." Ya jefa masa tsakuwar. "Ɗiyata ta fi ka hankali."

Ran Juma'a Sufyan ya miƙe bayan sallama, ya faɗi abin da aka ce ya faɗa. Aka yi dariya har liman. Shatu ta ce ita dai akuyarta ta dawo, ko bututu ne Allah ya yi masa albarka. Yara suka yi mako suna kiransa Malam Bututu. Abin mamaki, masu tsayawa a rumfar ba su ragu ba. Tsofaffi biyu ma suka haƙa gurbin dara a gindin tanki, wai sun ji an ce yana buƙatar koyo.

Nasiru ya fita daga zauren da kansa, bayan Goggo Tabawa ta tare shi a bakin tasha ta gaya masa abin da bai maimaita wa kowa ba.

Saƙon farko da ya shigo bayan an sake karɓar goro gajere ne.

"Malam Bututu, ka ci abinci?"

"Ban ci ba, Kwamanda. Ina jiran ki."

"To ka ci kafin nan, saura wata biyu. Ba na son a kawo mini ƙashi."

Bayan an yanke gero aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Zakariya'u. 'Yan zauren suka zo daga Alela, Illela da Malbaza, mutanen da suka yi shekara suna zagin hasashen juna ba su taɓa haɗuwa ba, suka cika tabarma guda suna gardama har aka shafa fatiha. Masu lambu suka zo da buhun albasa a amalanke. Masu tsara wasan kuwa, a can ƙasarsu, suka sanar an ɗage fitowarsa zuwa baɗi.

Da za a fita da amarya, Malam Zakariya'u ya riƙe hannun Hamdiyya. Sannan ya ce Allah ya yi musu albarka, ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari, ya jiƙan wadda ba ta ga wannan rana ba. Aka amsa da amin. Ya juya ga Sufyan ya rage murya, ya ce in wasan nan ya fito a zo a gaya masa yadda matar nan ta ƙare, don sun yi musu da Labbo.

A ɗakin da suka kama a Badagishiri, Hamdiyya ta jera kwanukanta, ta kafa teburin kwamfuta kusa da taga inda rezo, sabis ɗin waya, ke ɗan leƙowa. Tana kakkaɓe rigarsa farar tsakuwar ta faɗo. Ta ɗauka, ta tambaye shi har yanzu yana nan a kan ta mutu?

Ya ce lissafin dai bai sauya ba, ruwan kwana arba'in ne.

"Sarkin mugun fata."

"Amma ni da ni ne madugun," in ji shi, "zan juya."

Ta buɗe kabad ta ajiye tsakuwar a tsakiyar kwanukan, ta rufe, ta ce ya wanke hannu tuwo na hucewa.